Ma'aunin da Kawu Ya Yanka wa Baffa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kawu ya rasu wata Talata da hantsi a ɗakinsa da ke Mararaba, bayan jinyar da ba ta kai mako uku ba. Yayan mahaifiyata ne. Shi ya karɓe ni lokacin da na zo Abuja neman aikin tuƙi, kuma shi ya tsaya mini a matsayin uba ranar aurena. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwa a rumfar da aka kafa a ƙofar gida. Kawu bai bar ɗa namiji ba, don haka ni na zauna kusa da liman, ni ake miƙa wa hannu. Mutane sun zo da yawa, wannan ba zan musa ba. Tsohon daraktan da Kawu ya yi wa gadi shekara goma sha huɗu ya zo da kansa. Motarsa ta kasa shiga layinmu saboda kwata, sai ya taka da ƙafa. Ya ce duk tsawon shekarun nan ko cokali bai taɓa ɓata a gidansa ba. Wani tsoho ɗan Gbagyi ya taso tun daga Ushafa da doya a buhu, ya zauna, da zai tashi ya ce da irin Hausarsa, "Wannan mutum, hannunta ba ta rawa."

Amma 'yan unguwa, waɗanda suka fi kowa zama da shi, addu'arsu gajera ce. Sai mutum ya ce Allah ya jiƙansa, ya ɗan dakata, ya ƙara da cewa Allah ya yafe masa kurakuransa. Kowane mamaci ana yi masa wannan addu'a. Abin da na lura da shi shi ne inda idonsu yake zuwa idan sun faɗe ta. Can gefe suke kallo, tabarmar da Baffa, tsohon aminin Kawu, yake zaune, hannunsa na dama a cikin aljihun riga.

A rana ta biyu na ji wani a bayana yana gaya wa baƙo ƙasa-ƙasa cewa ai marigayin ne ya nakasa wancan tsohon. Baƙon ya tambaya ko an tabbatar. Aka ce masa shi da bakinsa ya amsa a gaban 'yan sanda. Ban waiwaya ba. Ba ni da bakin tsawatar musu, domin ni ma shekara tara abin da nake ɗauke da shi ke nan a raina.

Baffa ba ɗan'uwanmu ba ne na jini. Garinsu ɗaya da Kawu, mota ɗaya ta kawo su Abuja tun ana share filayen da yanzu suka zama ma'aikatu, kuma dukansu maharba ne tun daga gida. Gadi shi ne aikin Kawu, harbi kuwa gadonsa ne. Ranar da ba ya bakin aiki sai ya rataya burgaminsa na fatar akuya, ya naɗe bindiga a buhu, shi da Baffa su nufi duwatsun bayan Ushafa. Da mulki ya dawo hannun farar hula kuɗi suka shigo gari, gine-gine suka yi ta cin daji, kowace shekara sai sun ƙara nisa kafin su ga zabo ko gada. A unguwa kuma ɓarayi suka yi yawa, aka kafa 'yan banga. Kowa ya nemo bindigar gargajiya, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda samari ke wa ba'a da harba-ka-ruga. Yawancin masu riƙe ta ba su san kanta ba. Haka awon albarushin unguwa ya faɗo a kan Kawu.

Kawu mutum ne mai zargin komai, kuma a wannan aiki zargin nan ne ƙwarewarsa. Bai yarda da mai sayar da albarushi ba ko da ya rantse. Bai yarda da maƙeri ba, bai yarda da damina ba. Yakan ce bai taɓa ganin bindigogi biyu masu ciki ɗaya ba, ko da hannu ɗaya ya ƙera su. Idan aka kawo masa bindiga ba ya ɗura ta a ranar. Sai ya yi kwana biyu yana juya ta, ya leƙa bututun a rana, ya bi shi da yatsa ko zai ji kumburi, ya yi ta tambayar wa ya yi ta da kuma wane ƙarfe.

Sau biyu na kai shi daji a babur, na ga sauran aikin da idona. Ya ɗaure bindigar a jikin kututture, ya sa wa kunamarta dogon zare, ya kafa takardar buhun siminti a nesa, taku iri ɗaya kullum, sannan mu koma bayan dutse. Da ɗan kaɗan yake farawa. Ya ja zare, ya tashi ya je ya duba yadda dalma ta watsu a takardar. Ya ƙara ɗan kaɗan, ya kafa sabuwar takarda, ya sake. Tsakanin harbi da harbi sai ya goge bututun, tsumman ya fito baƙi ƙirin, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Inda ya ga dalmar ta taru wuri ɗaya nan yake tsayawa, ko da bindigar za ta iya ɗaukar abin da ya fi haka. Sai ya yanka gora daidai wannan awon, ya ƙona mata alama, ya ɗaure ta a wuyan bindigar. Wannan gorar ta wannan bindigar ce kaɗai, ba a aro. Muka wuni cur a kan bindiga ɗaya, ba mu harbi ko ɓera ba, shi kuwa ya dawo gida da fara'a.

Idan kuma albarushin ya ƙare aka sayo sabo, a wurinsa duk aikin baya ya rushe. Zai ɗebi ɗan abin da yatsa biyu za su ɗauka ya zuba a tsingaro, ya sa masa garwashi daga nesa, ya kalli yadda ya tashi da abin da ya bari. In bai gamsu ba, sai ya bi gida-gida yana karɓe gororin da ya yanka, ya sake daga farko. Inna, matarsa, takan ce da za ta bar shi ya shiga kicin da sai ya yanka wa gishiri gora. Wata rana na matsar da tukunyar albarushinsa don in share ɗaki. Bai yi mini faɗa ba. Ya tambaye ni ko hannuna da danshi, na ce a'a, ya ce to. Duk da haka washegari na gan shi da tsingaro da garwashi a tsakar gida.

Baffa ba haka yake ba. Mutum ne mai son a ji shi, mai barkwanci, kowa nasa. Rigimarsu ta faru a ƙofar masallaci bayan la'asar, ina wurin. Baffa ya ce bindigarsa tari take yi ba harbi ba, ɓarawon da ya ji wannan sai dai ya yi dariya ya ci gaba da ɓalle ƙofa. Kawu ya tambaye shi ko tsawa yake so ko nama. Baffa ya ce duka biyun, ya kira Kawu marowaci, ya ce tun suna yara haka yake, ko fura aka ba shi ya raba sai ya auna. Aka yi dariya. Baffa ya ji daɗin dariyar, ya ƙara da cewa wataƙila ma abin da Kawu yake ragewa a bindigogin mutane shi yake tarawa a tukunyarsa. Nan fuskar Kawu ta sauya. Ana iya ce masa komai, ban da ɓarawo.

"To, zan yanka maka babbar gora," in ji shi. "Amma ka riƙa ƙirga yatsunka."

Ya sa takalminsa ya tafi. Kowa ya ji, kuma babu wanda ya manta.

Bayan 'yan kwanaki ya karɓi bindigar Baffa ya kai ta daji, ya dawo da sabuwar gora. Mako uku da haka suka fita farauta da safe, su biyu da tsohon nan na Ushafa. Baffa ya ga zabi, ya ɗaga bindiga ya ja. Bututun ya tsage a hannunsa. Yatsu uku suka tafi. Kawu ne ya ɗaure masa hannun da rawaninsa, ya goya shi a baya tun daga kan dutse har bakin titi. Amma kafin ya ɗauke shi, an ce ya tsinci tsagaggen bututun ya shinshina, ya kalli Baffa, ya jefa ƙarfen a burgami. Daga ranar babu wanda ya sake ganin ƙarfen a unguwa.

Da 'yan sanda suka zo asibiti suna tambaya, Baffa ya juya fuska bango. Kawu ya ce shi ya yanka ma'aunin. Suka tambayi bututun, ya ce ya faɗi a hanya. Kwana biyu ya yi a hannunsu kafin darakta ya karɓo shi. Kafin ya fito, 'yan banga sun riga sun ɗauko tsohuwar gorar Baffa da sabuwar sun jera su a ƙofar masallaci. Sabuwar ta fi tsawo, ko makaho zai ji da hannu. Da aka tare Kawu da wannan, abin da ya faɗa kawai shi ne albarushin wannan daminar ba shi da ƙarfi, kuma sau biyar ya gwada gorar kafin ya miƙa ta. Aka ce to ina bututun? Ya yi shiru. Wasu suka ce awon ne ya yi wa yawa da gangan. Wasu suka ce ba ma awo ba ne, ai maharba ba a rasa su da asiri. A mako ɗaya kowa ya kwance gorar da Kawu ya yanka masa.

Kawu bai sake harba bindiga ba. Bai kuma daina gaishe da Baffa ba, ko da yake Baffa yakan amsa yana kallon wani wuri. Duk Babbar Sallah cinyar ragonsa ta dama gidan Baffa take zuwa. Da 'yar Baffa za ta yi aure, Kawu ne ya fara kai gudummawar gado da katifa. Mutane suka ce alhaki ne yake cin sa. Duk alherin da ya yi bayan wannan rana, shaida ya zama a kansa. In ya yi sadaka a ce yana wanke hannu, in ya daɗe a sujada a ce ya san abin da ya aikata.

Sau ɗaya na tambaye shi. Muna cin tuwo, na ce Kawu, don Allah me ya faru a kan dutsen nan? Ya tura mini kwanon miya ya ce in ci kafin ya huce. Na ɗauki wannan a matsayin amsa. Da aka haifa mini ɗa na fari, kowa a dangi ya san sunan wa ya kamata ya ci. Na sa masa sunan surukina. Kawu ne ya yi wa jaririn huɗuba a kunne da sunan da na zaɓa, ya sa masa albarka, ya miƙo mini shi.

Bayan sadakar uku, Inna ta kira ni ɗaki da rana don mu duba kayan Kawu. Ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado ta ajiye a gabana. Ta ce ya bar wasiyya a jefa shi a rafi, amma ta kasa, ni in kai. Na kwance. Bututun ne, a tsage kamar an ɓare rake. Na ce Inna, ashe yana nan. Ta ce yana nan tun ranar. Ta ce da ya dawo daga wurin 'yan sanda ya sa ta ta shinshina, ya tambaye ta ko ta ji warin albarushinsa. Shekara talatin tana wanke masa riguna, ta san warin nan fiye da warin miyarta, kuma ba ta ji shi ba. Ya ce mata to ta riƙe bakinta. Na zura tsumma a cikin ƙarfen. Tsatsa ce kawai ta fito, babu baƙin nan da na sani.

Ban kai shi rafi ba. Washegari na nufi Apo, inda Baffa yake wuni a garejin babban ɗansa, wanda bakanike ne. Na same shi a benci ƙarƙashin inuwar wata matacciyar bas. Muka gaisa, ya sake yi mini ta'aziyya. Na kwance ƙunshin na ajiye a kan bencin tsakaninmu. Ya daɗe yana kallonsa. Ya tambaya ko Inna ce ta ba ni, na ce ita ce. Ya tambayi wa kuma ya gani, na ce babu. Ɗan nasa yana can yana wanke wani ƙarfe a cikin fetur, ya rage motsi, amma bai ɗago ba.

Maganar ba ta fito a jere ba, sai da na yi ta jan ta. A wancan lokacin wani oga ya bar motarsa a garejin, a but ɗinta, can baya inda ake zuba kaya, akwai kwalin harsashin bindigar zamani. Ɗan ya zari 'yan kaɗan ya kai wa ubansa, don ya san yana son kayan harbi. Baffa ba shi da bindigar da za ta ci su. Sai ya farke kwanson, ya juye garin da ke ciki, ya cika gorar Kawu da shi har baki, yana so ya ba kowa mamaki da ƙarar.

"Na ɗauka albarushi albarushi ne," in ji shi. "Ban san na Bature ba a auna shi da gorar namu ba."

Ya ce tun a kan dutsen Kawu ya gane. Kawu yana goye da shi suna saukowa ya tambaye shi me ya zuba da inda ya samo, Baffa ya gaya masa. Kawu ya yi tafiya mai nisa da shi a baya. Sannan ya ce in hukuma ta ji akwai harsashi a maganar, ba za ta tsaya a kan yatsu ba, sai ta bi sawu har garejin, yaron kuwa bai daɗe da aure ba. Ya ce Baffa ya yi shiru, shi ma zai yi.

Na ce wannan na kwana biyu ne, ko wata biyu. Shekara tara fa? Baffa ya ce da farko tsoro ne. Daga baya kuma mutane sun riga sun tausaya masa, bai san ta inda zai fara ba. Sai ya ɗan ɗaga murya ya ce amma ni ma in duba, da Kawu bai yanka gorar da girma haka ba, wa ya sani, wataƙila da ba ta fashe ba. Na kalle shi. Har yau ban sani ba ko ya yarda da wannan maganar ko kuwa ya daɗe yana faɗa wa kansa ita ne har ta zauna.

Ban nemi abu mai yawa ba. Na ce ranar sadakar arba'in jama'a za su taru. Ba sai ya ambaci ɗansa ba, ba sai ya ambaci mota ko oga ba. Ya ce kawai shi ya sauya albarushin da hannunsa, marigayi bai san da shi ba. Ya ce in sha Allahu. Na ce Baffa, in gaya wa Inna? Ya ce in gaya mata.

Kwanakin da suka rage na yi su ina auna shi a raina. Wata rana in ce zai faɗa, tunda ya tsufa kuma ya ga kabarin amininsa. Wata rana in ce ko zuwa ba zai yi ba. Sau biyu muka haɗu a masallacin Juma'a, ya riƙe hannuna da hagunsa ya ce yana sane.

Ranar arba'in ya zo. An sake kafa rumfa, an yi karatu, an yi addu'a, ana shirin raba waina. Liman ya tambaya ko akwai mai magana kafin a tashi. Baffa ya dafa kafaɗar na kusa da shi ya miƙe. Ya zaro hannunsa na dama daga aljihu, abin da ban taɓa ganin ya yi a cikin taro ba, ya bar shi a fili kowa ya gani. Na san Inna tana bayan labulen zaure tana saurare. Ya yi gyaran murya, ya kalle ni, ya kalli ɗansa da ke tsaye a bakin rumfa, sannan ya kalli ƙasa.

"Jama'a, ku shaida," in ji shi. "Abin da ya shiga tsakanina da marigayi, na yafe masa duniya da lahira."

Aka ɗauki kabbara. Wani dattijo ya share hawaye. Liman ya ce wannan shi ne halin mumini, Allah ya ba mu irin zuciyar Baffa, yau an sauke wa mamaci nauyi. Mutane suka yi layi suna gaisawa da shi. Ina tsaye da farantin waina a hannu. Na buɗe baki, na ga bakaniken yana kallona, 'ya'yansa biyu suna riƙe da rigarsa, na tuna wanda ya fara yin shirun da kuma dalilinsa. Na ci gaba da raba waina.

Da Baffa zai tafi ya matso kusa da ni, ya ce a hankali, "Ka yi haƙuri, ɗana. Bakina ne ya ƙi."

Shi ya sa na rubuta wannan, kuma ban sa sunan kowa ba, don kada in ɓata abin da Kawu ya kashe shekara tara yana karewa. Wanda ya zauna a rumfar nan ya san wa nake nufi. Kawu bai cuci Baffa ba. Gorar da ya yanka daidai take da albarushin da ya gwada ta da shi. Babu abin da za a yafe masa a wannan magana. Mu ne muke da buƙatar yafiyarsa, ni a sahun gaba, kuma mun makara.

Allah ya yalwata masa kabarinsa, ya sa ya tarar da awonsa cike. Allah ya ba Inna haƙuri.